Daga Shingit Zuwa Kogin Nilu: Yadda Wasu Ango da Amarya Suka Ratsa Sahara da Ƙafa da Raƙuma

A watan Agusta na 1986, wani mutumin Ingila mai suna Michael Asher da amaryarsa 'yar Italiya, Mariantonietta Peru, suka labta wa raƙuma uku kaya a garin Shingit da ke arewacin Muritaniya, suka sa gabas a gaba. Ba su yi saukar ƙarshe ba sai a watan Mayu na 1987, a Abu Simbel da ke kudancin Masar, bayan kwana 271 da tafiyar mil 4,500, wato kimanin kilomita 7,200, wadda ta bi da su ta Muritaniya da Mali da Nijar da Chadi da Sudan. Babu motar da ke biye da su da ruwa ko abinci, babu kuma na'urar nan da ke nuna wa mutum inda yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, domin a lokacin ba ta kai ga hannun matafiya ba tukuna. Wannan ita ce tafiya ta farko da aka rubuta cewa Turawa sun ratsa Sahara daga yamma zuwa gabas ba tare da wani inji ba.

Idan aka raba nisan da yawan kwanakin, za a ga cewa kowace rana ta ci kimanin kilomita 26 zuwa 27, har da ranakun hutu da na cinikin raƙuma da na jiran takarda a ofisoshin hukuma. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa ba gudu ne ya kai su ba. Kuma a ganina ba jarunta ba ce, ko da yake ita ce abin da aka fi yabawa a irin wannan labari. Abin da ya kai su shi ne sun iya harshen mutanen da za su ratsa, sun ɓata lokaci wajen shiri, sannan sun yarda su miƙa akalarsu ga waɗanda suka san ƙasar.

Mutanen biyu

An haifi Michael Asher a 1953 a garin Stamford na Ingila. Ya yi aikin soja a rundunar masu dira da laima, ya yi karatun jami'a a Leeds, sannan a 1979 ya tafi Sudan koyar da Turanci. A can ne rayuwarsa ta sauya hanya. Ya sayi raƙumi da kuɗin aljihunsa, ya yi amfani da hutun makaranta ya ratsa yankunan Kordofan da Darfur na ƙasar, ya kuma bi garken raƙuman da ake korawa zuwa kasuwannin Masar. Daga baya ya koyar a Jinaina, garin da ke bakin iyakar Sudan da Chadi, kafin ya ajiye alli gaba ɗaya a 1982 ya koma cikin Kababish, Larabawa makiyayan raƙuma na arewacin Kordofan, inda ya zauna kusan shekara uku yana cin abin da suke ci, yana kwana inda suke kwana. Saboda haka lokacin da ya iso Muritaniya ba ɗan koyo ba ne. Ya san yadda ake duba haƙoran raƙumi da tafin ƙafarsa kafin a biya kuɗi, ya san ɗaurin kaya, ya kuma san abin da ƙishirwa take yi wa hankalin mutum.

Ita kuwa Mariantonietta Peru ta yi karatun Larabci, tana ɗaukar hoto, kuma tana aiki da hukumar UNICEF a Sudan. Sun haɗu ne a 1985, a tsakiyar yunwar da fari ya haddasa, lokacin da hukumar ta nemi Asher ya haɗa ayarin raƙuma don kai agaji ga makiyayan Beja a duwatsun da ke gefen Bahar Maliya, inda mota ba ta iya shiga. Aka ɗaura musu aure a 1986, kuma kwanaki kaɗan bayan haka suka kama hanyar Muritaniya. Ba ta da irin gogewar mijinta a kan raƙumi, amma tana da abin da yawancin masu yawon hamada daga Turai ba su da shi, wato tana iya zama a cikin tanti ta yi magana da matan gida kai tsaye ba tare da tafinta ba. A ƙasashen da baƙo namiji ba ya ƙetare wani iyaka a cikin gida, wannan ba ƙaramin jari ba ne.

Akwai wanda ya riga su gwada wannan hanya. A ƙarshen 1972 wani marubuci ɗan Ingila, Geoffrey Moorhouse, ya tashi daga Muritaniya da niyyar kaiwa Kogin Nilu a kan raƙumi. Ya koyi ɗan Larabci kafin ya taso, amma bai taɓa zaman hamada ba. Raƙuma suka mutu masa, jikinsa ya lalace, zamansa da abokan tafiya ya yi tsami, ya haƙura a Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya a watan Maris na 1973, bayan ya ci kimanin mil 2,000. Ba za a ce ya gaza don rashin zuciya ba, domin wanda ya yi mil 2,000 a wannan ƙasa ba rago ba ne. Bambancin da ke tsakaninsa da Asher shi ne shekarun nan da Asher ya kwashe a Sudan kafin ya ɗaura sirdi a Shingit.

Wata uku a Shingit

Ma'auratan ba su tashi da isowarsu ba. Sun zauna wata uku a Shingit, kuma wannan zama ne na fi ɗauka da muhimmanci a cikin dukan labarin, duk da cewa shi ne ɓangaren da babu wani abin ban tsoro a cikinsa. Shingit tsohon gari ne a yankin Adrar, matattarar ayari da malamai, wanda har yanzu wasu gidajensa ke riƙe da ɗakunan tsofaffin littattafan hannu. A da, a nan ne alhazan yammacin Sahara suke haɗuwa su tashi zuwa Makka, har ya zama a ƙasashen gabas ana kiran mutumin wannan yanki da sunan garin, kamar yadda ɗaliban ilimi suka saba ganin laƙabin Shinƙiɗi a jikin littattafai. UNESCO ta sa garin a jerin wuraren tarihi na duniya a 1996, tare da Wadan da Tishit da Walata.

Abin da wata ukun ya ba su ya kasu gida-gida. Larabcin Muritaniya, wanda ake kira Hassaniyya, ya bambanta da na Sudan da na makaranta, kuma kunne yana bukatar lokaci kafin ya saba. Jiki ma yana bukatar ya saba da zafi da ruwan rijiya da abincin wurin, gwamma kuwa ciwon cikin farko ya kama mutum a cikin gari da ya kama shi yana nesa da kowa. Sai kuma ciniki. Baƙon da ya sauka yau ya ce gobe yana son raƙuma uku, to ya sanar da kasuwa cewa a matse yake, kuma duk wani gurgu da tsoho za a wanke a kawo masa. Wanda ya zauna aka sha shayi da shi, aka san gidan da yake, shi ne ake rada wa cewa kada ya sayi wancan. Haka batun jagora yake, ba a samun nagari da sanarwa, sai da tambaya a hankali.

Zaɓin watan tashi ma yana da hikimarsa, ko da yake kallon farko zai ce wauta ce a shiga hamada a watan Agusta, lokacin da zafin rana a Adrar yake wuce digiri 40 a yawancin ranaku. Tafiyar wata tara ba ta da yadda za ta kauce wa zafi gaba ɗaya, dole ko farkonta ko ƙarshenta ya faɗa cikinsa. Tashin Agusta yana nufin za su gangara kudu maso gabas a daidai lokacin da damina ta bar ɗanyar ciyawa da tafkuna a gefen hamada, sannan sanyin hunturu ya same su a tsakiyar hanya. Kuma ƙasar da za su bi ba ta daɗe da fitowa daga farin 1984 da 1985 ba, wanda ya ƙarar da dabbobi, ya watsa makiyaya zuwa gefen birane. Inda makiyaya suka tashi, rijiyoyi kan rufe da yashi don babu mai yashe su, kuma taswira ba ta faɗin wannan.

Ruwa, raƙumi da zango

Duk tafiyar hamada lissafi ne na ruwa. Mutumin da ke tafiya a tsakiyar bazara yana iya bukatar lita 8 zuwa 10 a yini. Mutum uku, wato su biyu da jagora, za su sha kusan salka guda a rana, domin salkar fatar akuya tana ɗaukar lita 20 zuwa 30 ne. Salka tana da kirki da mugunta a haɗe. Tana tsatsafo, wannan tsatsafon ne ke sanyaya ruwan idan iska ta buga, amma shi ne kuma yake rage shi, ta yadda abin da aka ɗura a rijiya ba shi ake tararwa bayan kwana huɗu ba. Ruwan kan ɗauki warin fata da kalar jima, wani lokaci da gashi a ciki, kuma ƙaya guda ta isa ta zubar da guzurin yini biyu ba tare da an lura ba. Shi ya sa ake rataye ta a gefen raƙumi inda ido ke kai, a kuma shimfiɗa mata wani abu idan an sauke.

Raƙumi yana iya jure asarar ruwan da ya kai kusan rubu'in nauyin jikinsa, abin da zai kashe mutum tun da nisa, kuma idan ya isa rijiya yana iya shanye lita 100 cikin 'yan mintuna. Tozonsa kitse ne, ba ruwa ba. Amma abin da baƙi suka fi kasa ganewa shi ne cewa yunwa ta fi ƙishirwa saurin kayar da raƙumin tafiya. Dole ya samu sa'o'i yana kiwo kowace rana, saboda haka ba gajiyar mutane ke yanke inda za a kwana ba, ciyawa ce. Idan aka tarar da kiwo mai kyau da la'asar sakaliya, a nan za a sauka ko da ƙafa tana son ƙari. Idan ba a samu ba, a ci gaba har dare ya raba. Wannan ne kuma dalilin da ya sa matafiyin kirki yake yin kaso mai yawa na hanyar a ƙasa, yana jan akala, musamman da sanyin safiya, sai rana ta take sannan ya hau. Raƙumin da ke ɗauke da kilo 150 na ruwa da hatsi ba ya bukatar a ƙara masa nauyin mutum daga asuba zuwa magariba. Duk da haka babu raƙumin da zai yi kilomita 7,200 a jere da kaya, don haka sauya dabbobi a manyan kasuwannin hanya ya zama wani ɓangare na tafiyar, da duk cinikin da ke tattare da shi.

Zangon irin wannan tafiya ba shi da alaƙa da tantin roba mai launi da ake gani a hotunan masu yawon shaƙatawa. Ana gurfanar da raƙumi, a kwance kaya daga gefe biyu a lokaci guda don kada sirdi ya karkace ya ji masa rauni a baya, a yi masa dabaibayi a ƙafafun gaba, a sake shi. Kayan da aka sauke su ake jerawa ta ɓangaren da iska ke busowa su zama katanga. Wani ya tafi neman itace, idan babu a tsinto busasshen kashin raƙumi. A ɗora ƙaramar butar shayi, a sha zagaye uku a ƙananan kofuna, sannan a dafa shinkafa ko a kwaɓa gari a binne shi cikin yashi mai zafi a ƙarƙashin garwashi, a fito da shi a kakkaɓe toka. Da asuba aikin farko shi ne bin sawun raƙuman, domin duk da dabaibayin suna iya yin nisa cikin dare, kuma safiyar da aka ɓata ana nemansu ta fita daga lissafin ruwa. A gefen kudu na hamada akwai ƙarin azaba da duk wanda ya yi kiwo ya sani, wato ƙarangiya, wadda bayan damina take maƙale wa zane da bargo da tafin hannu, ta sa mutum ya zauna da dare yana tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Da hunturu kuma, wanda ya sha zafin Agusta sai ga shi yana karkarwa, don a tsakiyar Sahara sanyin dare kan sauko kusa da daskarewar ruwa a watannin Disamba da Janairu. A maimaita wannan sau 270, shi ne tafiyar.

Jagora

Ba jagora ɗaya ne ya kai su daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma ba zai yiwu ba. Sanin hamada sani ne na yanki. Balaraben Adrar da ya san kowane dutse tsakanin Shingit da Walata baƙo ne a ƙasar Abzinawa, Ba'abzine kuma ba ya son ya yi nisa cikin ƙasar Tubawa, ba don rashin sanin hanya kaɗai ba, har da tsohuwar gaba da tsoron abin da zai same shi a kan hanyar komowa shi kaɗai. Don haka kowane babban gari ya zama wurin sallamar wani da neman wani. Da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan garin nan yana da iyakar garinsa.

Asher yana da taswira da kamfas, ya kuma iya aiki da su tun daga soja. Sai dai taswira tana nuna inda rijiya take ne a shekarar da aka zana ta. Ba ta faɗin ko ta ƙafe, ko ruwanta ya yi ɗaci, ko zurfinta ya fi igiyar gugan da aka zo da ita, ko kuma mutanen da ke zaune a kanta za su bari a ɗiba. Jagora yana samun wannan ne daga gaisuwa. Doguwar gaisuwar makiyaya, wadda baƙo mai gaggawa yake gani kamar ɓata lokaci, a cikinta ake jin inda aka yi ruwa, inda ciyawa ta fito, da inda aka ga sawun mutanen da ba a yarda da su ba. A nan ne Larabcin ma'auratan ya yi musu rana, domin suna jin abin da ake faɗa da kunnensu, suna iya gardama da jagora a kan hanya ko a kan kuɗi, kuma shi ma ya san ana jin sa. Zaman bai kasance lami lafiya kullum ba. Mutumin da aka ɗauka aiki, wanda kuma ran masu aikin yake hannunsa, matsayinsa yana da wuyar sha'ani, kuma labarin da Asher ya rubuta, wanda ya fito a 1988, bai ɓoye saɓanin da aka riƙa samu ba.

Hanyar ta bi da su ta Tambutu, inda har yanzu gishirin Taudeni yake saukowa daga arewa, sannan ta Agadas. Ga wanda ya taso daga yamma, Agadas ce wurin da harshen kasuwa yake komawa Hausa, a gindin hasumiyar masallacin nan ta laka mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a wajen 1515 aka kuma sake ginawa a 1844. Daga wannan yanki ne ayarin gishiri yake tashi bayan damina ya ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya komo da kantu da dabino, a gangara da su kasuwannin ƙasar Hausa a musanya da hatsi. Wato a nan ma'auratan sun shigo ƙasar da tafiyar raƙumi sana'a ce mai madugu da ƙa'ida, ba abin mamaki ba. Abin da zai ba mutanen wurin mamaki shi ne a ce mutum ya yi wannan wahala ba ya ɗauke da hajar sayarwa, ba kuma Makka ya nufa ba.

Yaƙi da takardu

Wanda ya kalli taswira zai ce daga Agadas a miƙe gabas ta Bilma da duwatsun Tibesti a faɗa Masar ta kudancin Libiya ko arewacin Sudan. A 1986 da 1987 wannan hanya a rufe take. Sojojin Libiya suna riƙe da arewacin Chadi, Faransa ta girke dakarunta tun Fabrairun 1986 don mara wa gwamnatin shugaban Chadi na lokacin, Hissène Habré, baya, kuma a daidai watannin da ma'auratan suke tsakiyar tafiyarsu ne aka gwabza yaƙin da aka yi wa laƙabi da yaƙin Toyota: garin Fada ya faɗa hannun sojojin Chadi a Janairun 1987, sansanin Wadi Dum kuma a watan Maris. Ƙasar cike take da nakiyoyi da masu bindiga. Dole hanyarsu ta karkata kudu, ta yankin Tafkin Chadi, wanda shi ma fari ya tsotse shi daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa ɗan abin da bai kai ushirin wannan ba.

Wannan karkata ta ƙara nisa, ta kuma sauya irin haɗarin. A cikin rairayi abin tsoro ƙishirwa ce. A ƙasar da ke da mutane da shingaye, abin tsoro shi ne ɓarayin raƙuma da jami'in da bai taɓa ganin Bature ya iso iyaka a ƙasa yana jan akala ba, wanda kuma a lokacin yaƙi yana da dalilin zargin leƙen asiri, balle ga mace ɗauke da kyamara. Dokokin shiga ƙasa an tsara su ne don mai zuwa ta jirgi ko ta mota a kan hanyar da aka sani. Makiyayi yana ƙetare iyaka ba wanda ya tambaye shi, baƙo mai fasfo kuwa dole ya nemi ofishin da zai buga masa hatimi, ko da hakan na nufin kwanaki na ratse.

Auren da ke cikin tafiyar

Akwai dalilin da ya sa wannan lamari ya bambanta da na sauran masu ratsa hamada, shi ne cewa mutanen biyu sababbin aure ne da ba su gama sanin juna ba. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, to ina ga mutum biyu da aka haɗa su da yunwa da ƙishirwa da rashin barci na wata tara, babu ɗakin da ɗaya zai shiga ya rufe ƙofa, babu 'yar'uwa ko aboki da za a kai wa ƙara, kuma kusan kullum ga mutum na uku a zaune a bakin wuta yana kallo. Asher ya rubuta faɗace-faɗacensu ba tare da ya gyara kansa ya fito fes ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin labarin nasa abin yarda ne.

Rashin daidaito a gogewa shi ne tushen matsalar da ake iya hangowa tun daga Shingit. Shi ya san aikin, ya saba da ba da umarni tun daga soja, kuma a hamada kuskure kaɗan yana da tsada, don haka gyaransa yakan zo da zafi. Ita kuma ba soja ba ce da aka ba shi ya horar, matarsa ce, wadda ta bar aikinta ta zo bisa yardar kanta. Wanda ya fi sani yana ganin yana ceton rai ne, wanda ake gyarawa yana jin raini. Sai dai nisan hanya yana cike wannan giɓi da kansa, domin wadda ta yi wata biyar tana ɗaura kaya da kwance su ba za a ci gaba da kiranta 'yar koyo ba. Ta taka duk nisan da ya taka, ta kuma ɗauki hotunan da suka zama shaidar tafiyar. Auren ya ɗore bayan sun dawo, suka zauna a Nairobi ta ƙasar Kenya. Lambobin yabon da suka biyo baya, irin su wadda Ƙungiyar Nazarin Ƙasa ta Ingila ta bayar, da sunan mijin aka rubuta su.

Maganar «na farko»

Ya kamata a auna kalmar nan da aka liƙa wa tafiyar. Gaskiya ne ba a rubuta wasu Turawa da suka riga su ba. Amma ratsa Afirka daga yamma zuwa Kogin Nilu da ƙafa, miji da mata tare, abu ne da talakawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna yi. Alhazan ƙasar Hausa da Borno sun bi ta Injamena, wadda a da ake kira Fort Lamy, da Abeshe da Jinaina da Fashir da Ubayyid har zuwa Sawakin a bakin Bahar Maliya, da 'ya'yansu a goye, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzurin zango na gaba, tafiyar da kan ci shekaru. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Zuriyar waɗannan matafiya suna nan a Sudan har gobe. Hanyarsu ta fi bin gefen hamada inda ake samun garuruwa, wannan gaskiya ne, amma daga Tafkin Chadi zuwa Darfur kusan sawunsu ma'auratan suka taka. Wannan bai rage wa tafiyar 1986 komai ba. Ya dai nuna cewa sabon abin da ke cikinta shi ne haɗa hanyoyin mutane daban-daban a zare ɗaya, da kuma cewa an rubuta ta.

Shigarsu Sudan ta mayar da Asher ƙasar da ya sani, harshen da ya fi iyawa da mutanen da ya zauna da su. Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne, domin yankin da ya rage, daga arewacin Darfur da Kordofan zuwa iyakar Masar, yana cikin wurare mafiya bushewa a duk Sahara, kuma sun iso shi ne a ƙarshen tafiyar, lokacin da zafi ya dawo da ƙarfinsa, jikinsu da na dabbobinsu kuma ya riga ya ci wata takwas a hanya. Ta wannan ƙasa ce tsohuwar hanyar ayari da ake kira hanyar kwana arba'in ta ratsa daga Darfur zuwa garin Asyut na Masar, kuma har a lokacin masu korar raƙuma zuwa kasuwar Darau kusa da Aswan suna bin wani reshe nata, suna barin ƙasusuwan waɗanda suka kasa a gefen hanya. Ruwan da ma'auratan suka tarar a Abu Simbel ba kogi ne mai gudu ba, Tafkin Nasir ne, wanda madatsar Aswan ta tara, a ƙarƙashin gumakan Fir'auna Ramsis na Biyu da aka yayyanka aka ɗaga zuwa kan tudu tsakanin 1964 da 1968 don kada ruwan ya shanye su. A nan suka gurfanar da raƙuman, suka kwance kaya, a rana ta 271.